A-kori-kurar Kawu Genzo Ta Sha Ruwan Teku

Duk wanda ya taɓa zama a Kazaura ya san garejin Uragami, wanda ke bayan kasuwar kifi, daidai inda titin bakin teku ya fara hawa tudu. Ya kuma san mai garejin, Tokie, mace gajera mai faɗin kafaɗa, wadda ta kai shekara hamsin da bakwai amma ba a taɓa jin ta roƙi wani ya ɗaga mata taya ba. Garejin na mahaifinta ne. Tana da shekara goma sha takwas ta tattara kayanta ta tafi Osaka, ta rantse ba za ta ƙare rayuwarta da baƙin mai a ƙarƙashin farce ba. Shekara tara ta yi a can tana ɗaure kusoshi a masana'antar injin wanki. Da hannun tsohon ya fara rawa, sai ta dawo da niyyar ta riƙe masa wurin na wata uku. Yau shekara talatin ke nan.

Mutanen garin sun yarda da abu biyu game da ita: hannunta yana da kyau, bakinta kuma ba shi da birki. Idan ka kai mata mota, kafin ta buɗe bonet sai ta gaya maka laifin da ka yi, kuma yawanci ta canka daidai. Mijinta Noboru, mai noman ganyen teku, yana iya wuni bai ce uffan ba, har ake tsokanarsa wai maganar gidan gaba ɗaya matarsa ya ba wa ajiya.

A wani watan Satumba guguwa ta taso daga kudu, ta kuma iso da hantsi, daidai lokacin da teku ta cika ta batse. Ruwa ya tsallake katangar bakin gaɓa ya shiga unguwar ƙasa, ya kai wa babban mutum ƙugu. Ba a rasa rai ba, domin tun kafin nan an kwashe mutane zuwa makarantar kan tudu. Motoci ne dai ba a kwashe duka ba. Kafin faɗuwar rana ruwan ya janye, ya bar taɓo, da matattun kifaye a bakin ƙofofi, da motoci arba'in da 'yan kai a tsaye suna ɗiga.

Tokie ba ta jira an kira ta ba. Washegari da sassafe ta sa takalmin roba, ta ɗauki sifana da alli da wani tsohon gwangwanin biskit, ta bi unguwar gida gida. Duk motar da ta tarar, sai ta kwance kan batir, ta rubuta a gilashi da manyan baƙaƙe, "Kada a tayar," sannan ta miƙa hannu a ba ta makulli ta jefa a gwangwani. Wanda ya tsaya yi mata musu, sai ta ce masa ruwan sama idan ya shiga mota yakan bushe ya tafi, na teku kuwa bushewa yake ya bar gishirinsa a cikin kowace waya da kowace kusa, kuma motar da aka bar wa batir tana iya kamawa da wuta ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta.

Gida na ƙarshe a layin na kawunta ne, Genzo, ƙanin mahaifiyarta. Shekararsa saba'in da takwas, kuma fiye da rabinsu ya yi su ne yana yawon talla a mota. Yana da wata ƙaramar farar a-kori-kura da ta shekara goma sha tara a hannunsa, an gina mata akwati mai kantoci da ɗan firij a baya, da lasifika a kan rufi. Talata da Alhamis da Asabar yakan loda awara da kifi da ƙwai da sabulu ya hau ƙauyukan nan uku na kan dutse, inda tsofaffi kaɗai suka rage kuma bas ta daina zuwa.

Ta same shi yana goge madubin motar da gefen rigarsa.

Ta ce, "Kawu, ina ruwa ya kai mata?"

Ya ce, "A'a, ɗan taya kawai ya taɓa."

Ta buɗe ƙofa. Ruwa ya kwararo mata a kan takalmi, wata ƙaguwa ta fito daga ƙarƙashin kujera ta sauka ta kama gabanta. Tokie ta nuna masa layin taɓo da ya ratsa sitiyari.

"Tayar motarka a nan take?"

"Ke dai kin cika neman magana, Toki. Motar nan ta ga abin da ya fi wannan."

"Ba ni makulli."

Ya ba ta yana gunaguni. Ta kwance batir, ta yi rubutunta, ta ce, "Kada ka taɓa ta. Kada ka tayar da ita. Kallonta ma ka rage. Jibi zan zo in ja ta."

Ya ce ya ji.

Kwana biyun da suka biyo baya ba ta zauna ba. Ita da Noboru suna ta jan motoci zuwa filin garejin, suna sa musu tiyo ciki da waje, suna tsiyaye man inji da ya koma kamar madara. Wasu kallo ɗaya take yi musu ta ce a kira masu sayen ƙarfe. Tana kwance a ƙarƙashin motar mai gidan magani sai ta hango ƙafafun kawunta sun tsaya a gefenta, hularsa a hannu.

Ya ce, "Toki, motar nan ta yi wani irin tari."

Ta turo kanta waje a hankali. "Wace motar?"

"Tawa mana."

"Motar da ba batir, makullinta yana cikin gwangwanina, ita ce ta yi tari?"

Ya sosa ƙeya. Ashe yana da wani makullin a cikin gwangwanin shayi, kuma maida kan batir ai ba sai an je makaranta ba. Ya ce rana ta fito kwana biyu, ya taɓa kujera ya ji ta bushe, sai ya ce bari ya ɗan ji muryarta kawai. Ta juya sau ɗaya, ta juya sau biyu, sai ya ji ƙwam, kamar an buga guduma a cikin tukunya. Daga nan shiru.

Tokie ta rufe ido. Ta ce, "Kawu, motoci arba'in da uku na rubuta wa. Har ɗan giyar nan na bakin tasha ya karanta ya bari. Kai kaɗai, ɗan'uwan uwata."

"Ai ban tafi da ita ko'ina ba."

"Da ma ta ina za ta tafi?"

Da ta jawo motar gareji ta cire fulogai, ta sa dogon sifana ta juya injin da hannu. Ruwa ya yi tsartuwa daga rami biyu, sannan injin ya cije wuri ɗaya ya ƙi gaba ya ƙi baya. Fistan ya tarar da ruwa inda ya kamata ya tarar da iska, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka ƙarfen da ke tura shi ya lanƙwashe. Ta goge hannu ta ce masa zance ya ƙare, a kira masu ƙarfe, ya nemi wata ta hannu.

Ta zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana juya hularsa a hannu. Can ya tashi ya ce zai je ya ci abinci.

Da rana wayarta ta yi ƙara. Mieko ce, 'yar Kawu Genzo da ke aure a Fukuoka.

Ta ce, "Yaya Tokie, na ji motar Baba ta mutu. Kai, na ji daɗi."

"To, sannunki da jin daɗi."

"Ba haka nake nufi ba. Bara mun yi magana da shi, ni da yayana. Mun ce ba za mu ƙwace masa tuƙi ba, amma ranar da wannan motar ta mutu ba za a sayi wata ba. Zai mayar da lasin tuƙinsa, ya dawo nan wurina. Ya yarda, har hannu ya sa. Don Allah ki ce masa ba ta gyaruwa."

"Ai na gaya masa."

"Ki ƙara gaya masa da ƙarfi. Maganarki yake ji."

Tokie ta dubi motar, ta dubi rubutun alli da ke gilashinta har yanzu. Ta ce, "Maganata yake ji? Mieko, kin san ubanki kuwa?"

Ta kashe wayar ranta a ɓace, ba ta ma san da wa take fushi ba. Da tsohon da ya tayar da inji, ko da 'yarsa da ke zaune a bene na tara tana son a yi mata aikin da ita ta kasa, ko da tekun da ta rasa lokacin cika sai ranar guguwa.

Da Kawu ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mieko ta kira ki."

"Ta kira."

"To, ni tambaya ɗaya zan yi miki. Ba cewa na yi ta cancanci gyara ba. Tana gyaruwa ko ba ta gyaruwa?"

Nan ya kama ta. A shekara talatin ta zagi masu motoci, ta kori wasu, ta sa wasu kuka, amma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya a kan mota ba. Ta jefar da tsumman hannunta a ƙasa.

"Tana gyaruwa. Amma ka saurare ni da kyau. Za ta tashi, za ta yi tafiya, ba za ta taɓa komawa yadda take ba. Yau wannan, gobe wancan. Gishiri ya shiga inda hannuna ba zai kai ba."

Ya ce, "Ni ma ai haka nake," ya cire rigar sama yana neman inda zai rataye. "Me zan fara yi?"

"Ka fara da komawa gida."

Bai koma ba. Sati huɗu aikin ya ci, kuma babu ranar da bai zo ba. Tokie ta tuɓe motar tas: kujeru, da shimfiɗar ƙasa, da allon gaba, da tankin mai, da kantocin baya. Ta zubar da man giya. Ta canza boris na tayoyi huɗu da duk wani bututun birki, domin ta ce a kan komai za ta iya yin rangwame ban da birkin motar da ke saukowa daga dutse. Kowane soket ta buɗe sai ta tarar ya yi kore kamar gansakuka. Ƙwaƙwalwar motar kuwa, da ta buɗe murfinta, har ƙanƙarar gishiri ta gani a ciki.

Don ta samu ya bar mata kunne ya huta, sai ta tara masa ƙananan ƙarafa a bokiti biyu, ta ce ya kai gida ya wanke su da ruwa mai daɗi, sau uku, ya shanya. Ya tafi yana murna. Bayan kwana biyu ya dawo da su a jere cikin kwali, kowanne a naɗe da jarida. Ta buɗe na farko, ta ga ya yi ja. Ta buɗe na biyu, haka.

"Kawu, da wane ruwa ka wanke?"

"Da na rijiyata mana. Wa zai ɓata ruwan famfo a kan ƙarfe?"

Ta bar aikin, ta sa shi gaba har gidansa, ta ja guga ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. Ta miƙa masa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Af. Shi ya sa furannina suka mutu."

"Teku ta shiga falonka, ta shiga motarka, ka zaci rijiyarka ta gaishe ta ta wuce?"

Sai da ta sake kankare kowane ƙarfe da burushi. Washegari kuma ya zo da na'urar busar da gashi ta matar maƙwabcinsa, wai zai taimaka wajen busar da wayoyi. Ta juya baya na minti biyar, ya narkar da murfin akwatin fiyus. Noboru, wanda ya shigo kawo mata abincin rana, ya dubi robar da ta narke, ya dubi matarsa, ya ajiye kwanon ya fita da baya.

Injin da za a sa sai a wani filin tsofaffin motoci suka samo shi, can cikin ƙasa, tafiyar awa biyu daga teku, tare da wayoyin mota guda cur da ƙwaƙwalwa. Kawu ya ce dole ya bi ta don ya zaɓa da idonsa. Tun daga Kazaura har can yana ba ta labarin yadda ake tuƙi, ita da ke jan janwe tun kafin gashinsa ya yi fari. A filin kuma ya bi ya ƙwanƙwasa kowane inji da ɗan yatsa yana kasa kunne, kamar mai sayen kankana. Wanda ta zaɓa ya ce bai yi masa ba. Ta ce ba aurensa zai yi ba.

Duk wannan bai kai ranakun talla ciwo ba. Tun satin farko tsofaffin kan dutse suka fara bugo waya, kuma da suka ji motar tana hannunta, ita suka riƙa kira. Don haka ranar Talata da Asabar, bayan ta rufe gareji da rana tsaka tana da motoci goma suna jira, sai ta loda akwatunan awara da kifi a bayan janwe, Kawu a gefenta da hular talla, su kama hawa.

A ƙauyen farko da suka tsaya babu wanda ya fito. Ta danna hon, shiru. Kawu ya ce ba su san wannan ƙarar ba, lasifika suka sani. Ya sauke gilashi ya kafa hannu a baki ya rera da kansa, "Ga awara, ga kifi, a fito a saya!" Sai ga ƙofofi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Wata tsohuwa mai suna Shizu, wadda ta haura shekara tamanin da takwas, ta zo tana tura keken jarirai da take dogarawa. Ta shinshina awarar ta ce, "Wannan warin mai take yi."

Tokie ta ce, "A rufe take cikin roba, Goggo."

"Hancina ba a rufe yake ba. Ke ce 'yar Uragami? Ke kika riƙe wa Genzo mota har yau? Ubanki da kwana uku zai gama."

"Ubana bai taɓa gyara motar da ta kwana a teku ba."

"To, tunda kin zo, tayar keken nan tana kuka."

Ta gyara tayar. A gida na gaba ta canza ƙwan fitila. A na gaba ta kwance famfon da ya toshe. Ta lura kawun nata ba ya tambayar kowa me yake so, sai dai ya miƙa: wannan rabin awara domin ita kaɗai ce, wancan kifi maras ƙaya domin haƙoransa sun ƙare. A ƙauye na uku wani tsoho bai fito ba, Kawu ya sauka ya je ya buga masa ƙofa har sai da ya ji ya amsa daga ciki, sannan ya dawo ya ce su tafi. Da suka iso gari Tokie ta ce masa gobe kada ya kuskura ya taɓa mata akwatin kayan aiki.

Ranar da ta gama gyaran motar, ta zuba mai, ta ɗaura sabon batir, ta hana shi zama a kujerar direba. Ta murɗa makulli. Injin ya juya, ya yi kaki, ya kama. Kawu Genzo ya cire hula ya sunkuya wa motar, sannan ya juyo ya ce, "Kamar dai muryarta ta ɗan canza."

"Fita min daga gareji."

Mieko ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayar Tokie ba.

Abin da Tokie ta faɗa wa Kawu kuwa bai faɗi ƙasa ba. Sati uku da fita, waifa ta fara aiki duk lokacin da ya kunna fitilar kwana. Ta gano wayar da ke jawo hakan ta canza ta. Bayan wata guda ma'aunin mai ya tsaya a cike, shi kuma ya gaskata shi, har sai da ta je ta same shi a tsakiyar gonakin lemo da jarka a hannu. Firij ya mutu ya tashi sau biyu. Ƙofar hagu ta daina buɗuwa daga ciki. Kowane zuwa sai ya ce, "Ƙaramin abu ne, Toki, minti biyar," kuma ba a taɓa yin wanda ya gaza rabin wuni ba. Ta kai har idan ta ji ƙarar injinsa daga kwanar kasuwar kifi, sai ta ji ciwon kai ya taso mata tun daga wuya.

Wanda garin bai manta ba shi ne na ranar jana'izar tsohon shugaban masunta, a watan Fabrairu. Kowa ya hallara a gidan ibada cikin baƙaƙen kaya. Kawu ya ajiye motarsa a bakin ƙofa, ya zare makulli ya sa a aljihu. An gama karatu, an ɗauko akwatin gawa, jama'a sun sunkuyar da kai, wuri ya yi tsit. Sai lasifikar motar ta buɗe da kanta da muryar Genzo da aka naɗa, da iyakar ƙarfinta: "Ga awara, ga kifi, a fito a saya!"

Babu wanda ya motsa. Ta sake maimaitawa. Kawu ya zaro makulli ya ɗaga sama yana nuna wa mutane, wai su shaida ba shi ba ne. Duk idanu suka juyo kan Tokie. Ta taka cikin baƙar rigarta da takalmi mai tsini da ba ta sawa sai ranar mutuwa, ta hau kan taya, ta kama wayar lasifikar ta fizge. Da ta sauko, matar mamacin ta rufe baki da hankici kafaɗunta suna rawa, kuma har yau ba a tabbatar ko kuka take yi ba.

Wata goma sha huɗu motar ta yi tana hawa dutse tana saukowa. Birkinta bai taɓa kuskure ba ko sau ɗaya, kuma wannan kaɗai Tokie take faɗa idan aka tayar da zancen. A watan Disamba na shekarar da ta biyo baya lokacin gwajin lafiyar mota ya zo, wanda ake yi duk shekara biyu. Ta ɗaga ta sama, ta shiga ƙarƙashi da fitila da ƙaramar guduma, ta bi ƙashin bayan motar tana bugawa. Gaba yana amsawa da ƙarfi. Da ta zo daidai tayar baya sai ƙarar ta mutu. Ta sa sukundireba ta danna, ya shige har mariƙi, jan gari ya zubo mata a fuska. Gishirin da ya shige cikin ramin ƙarfen tun ranar ambaliya ya cinye shi daga ciki.

Ta kira shi. "Kawu, zo ka gani da idonka, kada gobe ka ce ni na ce."

Ya shigo ƙarƙashi yana sunkuye. Ta ba shi sukundireban. Ya danna a wani wurin, ya shige. Ya sake dannawa gaba kaɗan, ya shige.

Ya ce, "A yi mata walda."

"A jikin me? Walda sai da ƙarfe. Wannan biskit ne."

"Tana gyaruwa ko ba ta gyaruwa?"

"Ba ta gyaruwa."

Ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya miƙa mata sukundireban, ya kakkaɓe hularsa, ya ce, "To."

Ya mayar da lasin a cikin satin, kamar yadda ya yi alkawari. Kafin nan shi da Tokie sun je ofishin ƙungiyar manoma sau uku, shi yana roƙo ita tana faɗa, har aka yarda motar ƙungiyar ta riƙa hawa ƙauyukan sau ɗaya a sati. Ya rubuta wa direban takarda shafi huɗu, wa ke cin me, wa za a buga wa ƙofa.

Fukuoka dai bai je ba. Ya gaya wa Mieko cewa takardar da ya sa wa hannu ta ce ranar da motar ta mutu, motar kuwa ba ta mutu ba, tafiya kawai ta daina. Ya sa Noboru ya tura ta gefen garejin, ƙarƙashin rumfar da Tokie ke ajiye tayoyi, aka ɗora ta a kan bulo huɗu, aka ja wa firij waya daga bango. Ba wanda ya nemi izinin mai garejin. Ta fito da safe ne kawai ta tarar da kantoci a buɗe, matan unguwa uku suna zaɓen kifi.

Yanzu nan yake wuni, daga safe har la'asar, a kan kujerar roba, yana fuskantar ƙofar garejin. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sayi awara, ya kuma sha labari. Kwanan baya wani baƙo ya kawo motarsa tana zafi, Tokie tana ciki tana duba lagireto, ta ji kawun nata yana ce masa, "Ka kawo wurin da ya dace, yarinyar ta iya aiki. Sai dai ka sa ido. Tawa lafiyarta ƙalau na kawo ta, ɗan tari kawai take yi, ga ta nan yadda ta koma."

Tokie ta ɗago da sifana a hannu. Baƙon ya dube ta, ya dubi tsohon. Ta buɗe baki, ta rufe, ta koma cikin bonet ta ce wa baƙon ya matso ya ga inda ruwansa ke zuba.